Ciwon Zuciya Ba Na Alhazai Ba Ne Kaɗai

A finafinanmu na Hausa mutum biyu ne ke da lasisin ciwon zuciya: Alhajin da aka ce masa kayansa sun nutse a teku, da budurwar da aka raba da masoyinta. Alhaji ya dafe ƙirji, ya yi tari sau biyu, har ya samu sukunin barin wasiyya. Mu da muka tashi a gidajen kallo na Ringim mun haddace wannan fitowa, marubutan littattafan soyayya kuwa sun fi daraktoci ƙaunarta.

To amma Samuel Okwaraji ba Alhaji ba ne. Shekararsa 25 lokacin da ya faɗi a filin wasa na Legas ran 12 ga Agusta 1989, ana karawa da Angola. Chineme Martins na Nasarawa United ma saurayi ne da ya faɗi a Lafiya a 2020, suna wasa da Katsina United. Duk ba su tashi ba.

Dalilan irin wannan mutuwa sun bambanta, amma akwai guda da ya fi tsaya mini a rai, don da shi ake haihuwar mutum. Jijiyoyi biyu ne ke shayar da tsokar zuciya jini. Wani sai tasa ɗaya ta fito ta gurbin da ba nata ba, ta ratsa tsakanin manyan hanyoyin jini biyu. Yana zaune lafiya lau. Ran da ya yi gudu mai tsanani sai ta matse, bugun zuciya ya rikice, ya yanke jiki. Pete Maravich, gwanin ƙwallon kwando na Amurka, sai bayan mutuwarsa a 1988 aka gano babu jijiyar hagu a zuciyarsa sam. Wani lokaci akan samu gargaɗi: suma ko ciwon ƙirji ana cikin motsa jiki. Wannan na likitan zuciya ne, ba na mai kemis ba.

Yanzu mai karatu, tsakani da Allah, yau yaro ya faɗi a filin ƙwallon unguwarku ba ya numfashi, me za a yi? Yayyafa ruwa, fifita da riga, wani ya ce iska ce, wani ya ruga neman mashin. Abin da fim ya koya mana ke nan. Alhali cikin 'yan mintoci ƙwaƙwalwa ke fara lalacewa, tun kafin a kai Babban Asibitin Ringim, balle Dutse ko Kano. Christian Eriksen na Denmak ya rayu a 2021 ne saboda nan take aka hau danna masa ƙirji, aka jona masa na'urar farfaɗo da zuciya.

Danna ƙirjin nan hannu biyu kawai yake buƙata: a tsakiyar ƙirji, da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, wani kuma ya nemo mota. Daraktan da ke ba waƙa minti bakwai, ina roƙonsa minti ɗaya ya sa jaruminsa ya durƙusa ya yi wannan daidai, kyamara na kan hannuwansa.