Ni Gajere, Babur Dogo

Mai karatu, idan ka taɓa kallon 'Long Way Down', shirin da Ewan McGregor da abokin sa Charley Boorman su ka yi a 2007, inda su ka taso daga Sukotlan a kan babura su ka ratsa Libiya, Masar, Sudan da Habasha har Afrika ta Kudu, to ka san yadda babur ɗin dogon zango ke shiga ran mutum. Amma akwai abin da kyamara ba ta cika nuna maka ba. Mazaunin irin BMW ɗin da su ka hau ya kai kusan santimita 90 daga ƙasa. A kan gudu babu ruwan babur da tsawon ka. Sai an zo tsayawa ake gane dogo da gajere.

Ni dai gajere ne, ba na musu. Da na samu tsohuwar Yamaha Tenere 660 ɗan gwanjo, na tarar idan na hau, babban yatsan ƙafa ɗaya ne kawai ke shafar ƙasa, shi ma da ƙyar. Sunan babur ɗin ma daga hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar aka ɗauko shi, inda tseren Faris zuwa Dakar ya riƙa ratsawa, don haka da gangan aka yi shi dogo saboda yashi da ramuka. To amma ni ba a hamada na ke kwana ba. A cunkoson gari na ke tsayawa, tsakanin mai Adaidaita da mai tipa, da ƙarfe mai nauyin fiye da kilo 200 a tsakanin cinyoyi na. In ya karkata, wallahi ba mai tare shi sai ƙasa, kuma ƙafar ka ce a ƙarƙashi.

Abokai su ka ce in yi koyi da Gaston Rahier, ɗan Beljiyam ɗin nan gajere da ya cinye tseren Dakar a 1984 da 1985 a kan BMW. Shi sai ya tada babur, ya bi shi da gudu, sannan ya yi tsalle ya ɗare. Na ce masu shi a fili ya ke yi, babu ɗan sandan hanya da zai ɗaga masa hannu.

Bakaniken farko da na je wa cewa ya yi a sassauta sifirin ɗin shokazoban baya gaba ɗaya, in bai isa ba a yanke shi. Kada ka yarda da wannan. Notin da ke matse sifirin an yi shi ne don a daidaita shi da nauyin mahayi, ta yadda in ka zauna babur zai nutse kimanin kashi ɗaya cikin uku na iyakar motsin sa. In ka sassauta ya wuce haka, e, ƙafa za ta taɓa ƙasa, amma ramin farko da ka faɗa shokazoba zai ƙure, ka ji bugun har tsakiyar kan ka. In kuwa ka ɗauko wani a baya, sai abin da Allah ya yi.

Hanyar da masu abin su ka sani ita ce canza wasu 'yan ƙarafa biyu da ke ƙarƙashin babur, waɗanda ke haɗa gindin shokazoba da hannun da ke riƙe tayar baya. Turawa na kiran su ƙashin kare, don sun yi kama da shi. A irin nawa, in ka sa waɗanda su ka ɗan fi tsawo, baya zai sauka. Abin mamaki, 'yan milimita kaɗan a jikin ƙarfen kan zama santimita biyu ko uku a wurin zama. Shi ya sa ba aikin mai walda ba ne na a yanko falange a huda da ido. Duk nauyin ka da na babur a kan su ya ke. Manyan BMW GS ba su da waɗannan ƙarafa ma, sai dai a sayi gajeren shokazoba, kuma kuɗin sa ba na wasa ba ne.

Abin da ba a faɗa maka shi ne, sauke baya kamar yanke fitowa ɗaya ne a tsakiyar fim: duk abin da ke gaba da bayan ta sai ya motsa. Baya na sauka, gaba zai ɗaga hanci, kan babur ya yi nauyi a kwana kamar ya na gardama da kai. Dole a kwance ƙafafun gaba a ɗan turo su sama a cikin maƙalar su don a daidaita. Sannan jak ɗin gefe zai yi tsawo, babur ya tsaya cak a miƙe, iska ko yaro ya taɓa ya kife ta ɗaya ɓangaren. Sai an rage shi. A duba sakin cen, a duba ko taya za ta riƙa gogar madigadi, a gyara saitin fitila don kada ta riƙa haska idon mutane. Kuma cikin injin ya matso ƙasa, dutsen da da ka ke tsallakewa yanzu zai gaishe ka.

Kamfanonin ma sun gane akwai irin mu. Harley-Davidson ta fito da Pan America a 2021 mai sauke kan sa in an zo tsayawa, ya koma ya ɗaga in an tashi, BMW ma ta kawo irin wannan a R1300GS a 2023. Wannan sai masu hannu da shuni.

Ni da soso na fara. Mai ɗinkin kushin ya fere mazaunin, musamman gefe da gefe wajen tanki, domin faɗin sit na cinye tsawon ƙafa fiye da yadda ake zato. Bayan nan na sa ƙarafan da aka ƙera don wannan samfurin, na sauke santimita biyu da 'yan kai, ban ƙara ba. Har yau tafin ƙafa biyu ba sa sauka tare. Na kan zame kaɗan zuwa hagu, in dasa ƙafa ɗaya sosai, ta dama kuma ta na kan birki.