Mun Je Birnin Kudu da Littafi Iri Biyu

Mai zuwa Birnin Kudu yakan fara da duwatsunta. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu da mutanen dā suka bari, har yau ana ganinsa. Nan ne kuma Kwalejin Gwamnati take, wadda Aliko Ɗangote ya yi karatu a cikinta. Mu ɗaliban jami'a ne daga Dutse. Mun je da hutu, a jakarmu akwai Magana Jari Ce na Abubakar Imam da na'urar karatu ta Kindle, ta aro, don mu gwada su.

A kan dutse, da rana tsaka, na'urar ta ba mu mamaki. Fuskarta ba ta ƙyalli kamar ta waya, rubutun ya fito tamkar a takarda. Tana cin wuta ne galibi lokacin juya shafi, shi ya sa caji ɗaya kan yi makonni. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibin da ke ƙauyukan Gwaram, wanda sai ya biya mai caji kafin wayarsa ta tashi. Ga shi tana ɗaukar dubban littattafai, kuma mai raunin ido zai iya ƙara girman baƙaƙe.

Matsalar tana wajen abin da za a zuba mata. Tun 2007 kamfanin Amazon ya fito da ita, amma littattafan Hausa a kantinsa kaɗan ne, kuma sai da katin banki da intanet. Abin da ka saya ma yana hannun kamfani: manhajar OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da dama suka sa labaransu a kai, ta rufe a 2023.

Shi kuwa Magana Jari Ce, yaran da suka raka mu dutsen sai da suka yi ta karɓe-karɓensa. Na'urar ba wanda muka yarda ya taɓa, tsoron kada ta faɗi. Gara da ruwan sama ne kawai abokan gabar takarda.

Shawararmu ga ƙannenmu masu shirin WAEC: idan kuɗin bai kai ba, ku fara sayen littattafan manhaja na takarda, ku yi musu bango. Amma ku saba da karatu a fuskar na'ura, ko da ta wayar yayanku ce, domin JAMB a kwamfuta ake rubuta ta.