Inda Ake Jawo Farantin Sola Daga Wuta

Iskar da ta tarbe mu a Yinchuan, babban birnin yankin Ningxia na ƙasar Sin, busasshiya ce irin ta hunturun Gagarawa. Ga masallatai, ga gidajen abincin Musulmi 'yan ƙabilar Hui. Ban san ni baƙo ba ne sai da muka shiga masana'antar kamfanin LONGi mai ƙera farantin sola.

Tanderu ne jere, ido ba ya kaiwa ƙarshensu. A cikin kowanne akwai silikon, wanda ake tacewa daga farin dutse dangin yashi, ya narke a zafin da ya haura digiri 1,400. Na leƙa ta wata 'yar tagar gilashi. An tsoma ɗan tsinken silikon a ruwan, ana juya shi ana ja sama sannu a hankali, yadda muke jan guga a rijiya mai zurfi, sai ga gungume yana biyo shi, ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Na ce, "Ikon Allah!" Ashe dabarar ta tsufa, wani ɗan ƙasar Folan, Jan Czochralski, ya gano ta tun 1916. Daga nan waya mai garin lu'ulu'u ke yanka gungumen falle-falle, kaurin kowanne bai kai kashi ɗaya bisa biyar na milimita ba.

Kafin sashe na gaba aka rufe ni ruf da fararen kaya, aka tura ni wani ɗan ɗaki, iska ta yi ta duka na ta ko'ina. Na rasa gane kan abin. Tafinta ya ce, "Malam, ƙura ake kaɗe maka."

Can ciki ba hannun mutum. Ruwan sinadari ke cin fuskar fallen ya bar mata ƙananan tsaunuka da ido ba ya gani, don hasken da ya yi tsalle daga wannan ya faɗa wa wancan. A shafa wani rufi mai hana ƙyalli, shi ne shuɗin nan da muke gani a rumfar masu cajin waya. Sannan a buga siraran layuka na azurfa.

A 1954 ƙwayar sola ta farko ta Bell Labs a Amurka kashi 6 cikin ɗari na hasken rana take mayarwa lantarki. A 2022 LONGi ya kai 26.81, alhali iyakar silikon shi kaɗai kusan 29 ce. A kan rabin kashi mutanen nan ke hana idonsu barci.

Wani injiniya ya tambayi zafin garinmu. Na ce da bazara, daga Gumel har Maigatari, yana wuce 40. Ya girgiza kai, ya ce duk digirin da farantin ya ƙara bisa 25 yana cin wajen kashi 0.3 na ƙarfinsa. Sai kuma ya ce, sau nawa muke wanke na rijiyar burtsatsenmu a mako?

Na ce wa tafinta ya gaya masa mu je mu ci abinci tukuna.