Agogon GMAT ba ya jiran gwani

Mai karatu, in ka taɓa sha'awar yin digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, wato MBA, a makarantu irin su Harvard ta Amurka ko INSEAD ta Faransa, ba mamaki ka ci karo da sunan GMAT. Jarrabawar neman shiga ce, wadda wata ƙungiya mai suna GMAC ke shiryawa. An fara ta tun 1954, kuma a 1997 ta koma kan kwamfuta. Ni dai sau biyu na zauna mata a Abuja cikin 2024, a Oktoba da kuma Disamba. Tsakanin zaman farko da na biyu ban ƙaro wani ilimin lissafi ko Turanci na a-zo-a-gani ba, amma sakamakon ya sha bamban. Abin da ya canza shi ne yadda na ke tafiya da agogo.

Bari in fara da fasalin ta. Tun ƙarshen 2023 aka fito da sabon tsari, aka ajiye tsohon a farkon 2024. Kashi uku ce, kowane kashi minti 45. Lissafi tambaya 21, Turanci tambaya 23, sai nazarin bayanai, inda za a ba ka jadawali da zane ka fitar da amsa, tambaya 20. Jimilla tambaya 64 cikin awa 2 da minti 15, da hutun minti 10 ga mai so. Maki daga 205 ne zuwa 805. In ka raba, kowace tambayar lissafi ta na da minti 2 da 'yan daƙiƙai, ta Turanci ma ba ta kai minti 2 cikakku ba. A kashin lissafin kuma ba a yarda da kalkuleta.

To ina gizo ke saƙar? Mu da mu ka tashi da jarrabawar takarda irin ta WAEC, mun saba mu duba tambayoyi duka, mu fara da masu sauƙi, mu bar masu wuya sai daga baya. GMAT ba ta san wannan ba. Tambaya ɗaya ta ke nuna maka, kuma ba za ka ga ta gaba ba sai ka amsa wadda ke gaban ka. Sannan kwamfutar na auna ka ta na tafiya: in ka na ci, ta ƙara maka wuya, in ka na faɗuwa, ta sassauta. Ka ga ke nan an gina ta ne don ta kai kowa iyakar sa. Komai gwanintar ka, sai ta kawo maka tambayar da za ta sa ka gumi. Kuma duk wanda lokaci ya ƙare masa bai gama ba, akwai ragin maki a kan tambayoyin da ya bari.

Haka ta faru da ni a Oktoba. Lokacin lissafi ya ƙare da sauran tambaya huɗu ban ko gan su ba. Makin da ya fito bai kai abin da makarantar da na ke hari ke ɗauka ba, balle a yi maganar tallafin karatu. Ga kuɗin rajista da dala ake biya, ga kuɗin mota da masauki, ga hutun da na roƙa a wurin aiki. Yawancin makarantun Amurka kuma a farkon Janairu su ke rufe zagaye na biyu na karɓar takardu. Ƙa'idar GMAC ita ce sai an yi kwana 16 kafin a sake zama, kuma ba a wuce sau 5 cikin wata 12. Dama dai akwai, aljihu ne ba zai ɗauki ta uku ba.

Yaya ta, wadda ta ranta mani rabin kuɗin, ita ta fara buɗe mani ido ba tare da ta san GMAT ba. 'Yar kasuwa ce, atamfa ta ke sayarwa. Da na yi mata bayani sai ta ce, "Ƙane na, ai mu ma haka ne. In mai ciniki ya tsaya ya na ja-in-ja a kan turmi ɗaya, ga mutum huɗu a bayan sa da kuɗi a hannu, sai ka ce masa Allah ya kawo kasuwa, ka juya ga na gaba." Na ce, "Yaya, wallahi kin gama magana."

Sai na koma ga rahoton sakamako na. A sabon tsarin, rahoton kan nuna maka lokacin da ka ɓata a kan kowace tambaya, da wadda ka ci da wadda ka faɗi. Tambaya uku kacal su ka cinye mani kusan minti 14, kuma biyu daga cikin su duk da haka ban ci ba. Sauran kuwa cikin ƙa'ida na yi su. Ashe ba sauri na ke buƙata ba, don sauri kan haifi nawa. Abin da na ke buƙata shi ne sanin tambayar da zan saki.

Ga dabarun da na bi cikin sati bakwai. Na farko, na daina kallon agogo a kowace tambaya, don hakan ba ya haifar da komai sai faɗuwar gaba. Na kafa zango biyu a kashin lissafi: in na gama tambaya ta 7 ya kasance saura minti 30, in na gama ta 14 saura minti 15. Da na zauna sai in rubuta waɗannan lambobin a saman allon da ake ba mutum na yin lissafi. Turanci da nazarin bayanai ma na yi masu irin wannan rabon.

Na biyu, na sa wa kai na dokar minti ɗaya. In minti ya wuce ban ga hanyar da zan bi ba, sai in cire amsoshin da na tabbatar ba su ba ne, in zaɓi ɗaya cikin sauran, in yi gaba. In kuwa na ga hanya, sai in ƙarasa, amma ban yarda in wuce minti 3 ba. Wannan ita ce mai wuya, don zuciya za ta riƙa raɗa maka cewa saura kaɗan, ai ka kusa. Wannan "saura kaɗan" ɗin ita ke cinye jarrabawar mutane.

Na uku, na yi amfani da rangwamen da sabon tsarin ya zo da shi. Za ka iya sa wa tambaya alama, in ka gama kashin da sauran lokaci ka koma ka duba, har ka canza amsa uku. Amma fa sai in ka kai ƙarshe. Wanda bai saki tambaya ba, ba zai ga wannan damar ba.

Na huɗu, gwaji. GMAC na ba da jarrabawar gwaji guda biyu kyauta a intanet. Na riƙa yin su a zama ɗaya, a daidai lokacin da zan rubuta ta gaske, waya a kashe. Tunda mutum ne ke zaɓar kashin da zai fara da shi, na gwada hanyoyi daban-daban, na ga gara in fara da lissafi tun kai na da sanyi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A Disamba, tambaya uku na saki da gangan a kashin lissafi. Na gama da sauran minti 4, na koma ga biyu daga ciki, na canza amsa ɗaya. Makin ya haura abin da ake nema, na tura takardu na kafin a rufe.

Don haka, ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ke shirin komawa, kafin ka sayi wani sabon littafi, buɗe rahoton ka ka ga inda mintocin ka su ka tafi. Makarantun nan manajoji su ke son horarwa, mutanen da za su yanke shawara da abin da ke hannu kafin kasuwa ta watse. Tun daga ɗakin jarrabawa su ke fara dubawa.