Daga Shanun Dutse Zuwa Kuɗin Cikin Waya

A wannan watan shirya mu nufi kudancin Jigawa, jihar da aka cire daga Kano a 1991. Idan kika baro Kano ta Wudil, kika wuce Kwanar Huguma, manyan duwatsu ne za su fara yi miki maraba, alamar kin doso Birnin Kudu.

Kada ki bar garin ba ki leƙa Dutsen Habude da Dutsen Mesa ba. A jikinsu akwai zanen shanu da mutanen da suka yi, wanda Baturen bincike Bernard Fagg ya yi rubutu a kansa a shekarun 1950. Dubi abin da suka zaɓa su zana: dukiyar da ido ke gani, hannu ke shafawa. A garin ne kuma Alhaji Aliko Ɗangote ya yi sakandare, a Kwalejin Gwamnati.

Daga nan miƙa Gwaram mai iyaka da jihar Bauchi, ƙasar noma da kiwo, inda kasuwar Sara ke tara fatake. A nan mace kan ajiye gumin ta a tunkiya, ko buhun gyaɗa, ko zubin adashi. Amma ki lura da runfunan masu POS da na masu cajin waya. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, har mai ƙosai ta san tiransifa.

Ta wannan ƙofa ce kirifto, wato kuɗin intanet, ya shigo gidajenmu a Arewa. Ba makaranta ce ta kawo shi ba. Ɗa ne ya nuna wa uwa, ƙani ya nuna wa yaya, maƙwabciya ta buɗe wa maƙwabciya Telegram, duk kyauta. Kin tuna 2024, lokacin da yara da manya suka duƙufa dannan waya suna "mainin" ɗin Hamster Kombat? Da aka fashe a watan Satumba, da yawa abin da suka samu bai biya kuɗin datarsu ba. Masu Pi kuwa sun yi shekaru suna jira kafin a buɗe kasuwarsa a Fabrairun 2025.

Waccan asarar lokaci ce. Mai zafin ita ce ta CBEX, wanda ya rufe a Afrilun 2025 da kuɗin dubban 'yan Nijeriya, bayan ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, kamar dai yadda MMM ya yi da jama'a a ƙarshen 2016. Shi mai koyarwar sau da yawa ba mugu ba ne, shi ma rabin sani gare shi.

Don haka ga guzuri. Babban Bankin Nijeriya ya hana bankuna hulɗa da kirifto a Fabrairun 2021, ya sassauta a Disambar 2023, sannan dokar zuba jari ta 2025 ta sa harkar ƙarƙashin hukumar SEC, ta kuma tanadi ɗauri ga masu tsarin a-biya-na-farko-da-kuɗin-na-baya. Amma doka ba ta hana farashi faɗuwa dare ɗaya. Kalmomin sirri 12 ko 24 na asusunki su ne makullin rumbu, wanda duk ya gan su ya kwashe, kuma babu bankin da zai mayar miki. Duk inda aka ce riba tabbas ce, ko sai kin kawo mutum za ki ci, ja da baya. Kada ki taɓa kuɗin adashin mutane ko na makarantar yara. Malamai sun saɓa kan hukuncinsa, ki tambayi wanda kika amince da iliminsa, ki kuma shawarci maigida.

Ke kuma da Allah Ya ba ilimin boko, ga aikin lada ya same ki. Ranar kwasar adashi, ko bayan tashi daga Islamiyya, ware minti 10 ki karanta wa 'yan uwa saƙonnin da ke shigo musu waya, ki nuna musu na gaskiya da na 'yan damfara. Tunkiyar da kika hana wata sayarwa don ta zuba a rami, kamar ke kika ba ta.

Allah Ya tsare mana guminmu, Ya sa albarka a ɗan abin da muke juyawa. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.