Kayen kiran suna da na buɗe ma kaina

Ni malamin yaƙi da jahilci ne cikin wani ƙauye na jihar Maradi. Shekaruna 34, ina da mata da ƴaƴa 3. Karatuna bai wuce lakwal ta firamare ba. Ban sa sunana ba, don abin da zan faɗi abin kunya ne. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Cikin kakar shekarar 2021 na saida wake, na sayi babbar salula. Ranar kasuwa na kai ta wurin masu caji, aka zuba mini wa'azi da waƙoƙi da fina-finan Hausa. Da na komo gida, sai na iske har da fina-finan batsa a ciki. Na ce bari in duba sau ɗaya in goge. Ban goge ba. Kafin wata 2 na koyi neman abin da kaina cikin intanet.

Ga ɓarnar da abin ya yi mini. Ta farko, kuɗi. Ina sa forfe na dala 100 kamar sau 10 ga wata, jika 5 ke nan. Ga shekara jika 60, kuɗin tunkiya. Ta biyu, kwana. Ina kai tsakar dare idona bisa salula, sallar asuba ta wuce ni, in tashi jiki ba ƙarfi. Ta uku, iyali. Mai ɗakina tana yi mini magana, hankalina shina wani wuri. Ta yi zaton wata nike nema. Sau da yawa na yi rantsuwa na bari, kwana 2 ko 3 in koma.

Mu malaman yaƙi da jahilci da rani muke aiki, in an gama kaka. Almajiraina manya ne, magidanta. Cikinsu akwai wani dattijo mai farin gemu, ya fi shekara 60, shi ke fara zuwa kullum. Wata rana cikin watan Janairu na 2023, bayan mun tashi, ya ce mini: «Malam, ara mini salularka in kira ɗana da ke Agadas.» Gabana ya faɗi. Na san abin da ke cikinta. Na ce mashi: «Baba, babu caji.» Ban rufe baki ba sai ga ta tana kuka cikin aljihuna. Dattijo ya dube ni, ya ɗauki kayenshi da alƙalaminshi, ya tafi. Bai ce komi ba.

Kwana 4 bai zo karatu ba. Kowace rana in na buɗe kayen kiran suna, sai in sa mashi sifiri da hannuna. Rana ta huɗu na tsaya ina kallon sifirin nan. Na ce ma kaina: kai da kake rubuta zuwan mutane da rashin zuwansu, wa ke rubuta naka?

Daren nan na ɗauki sabon kaye da rula. Na ja layi, na yi gida 30 bisa shafi ɗaya, kowane gida rana ɗaya. Ranar da na tsare idona, in sa sanda. Ranar da na faɗi, in sa sifiri. Gefe na bar fili inda nike rubuta abu 3: wane lokaci ne, ina nike, mi ya faru kafin nan. Sharaɗina ɗaya, ba ni yi ma kayen ƙarya.

Watan farko na samu sanda 11, sifiri 19. Na ji ciwo, amma kayen ya gwada mini abin da ban sani ba. Da, ina cewa abin shina zo mini ko yaushe. Ashe shina da lokutanshi. Kusan dukan sifirin sun faɗo wuri 3: bayan sallar lisha in na shiga ɗaki da salula, ranar kasuwa in ina da kuɗi, da ranar da raina ya ɓaci. Wanda ya san inda ɓera ke shiga rumbu, ya san inda zai liƙe.

Sai na yi abu 4. Na karya memori, na musanya babbar salula da ƙarama mai maɓalli. Kuɗin forfe na ranar kasuwa, na riƙa ba mai ɗakina ta sa cikin adashi. Bayan lisha na daina shiga ɗaki ni kaɗai, ina zama fada wurin shayi, ko in shirya darasin gobe da fitila. Na huɗu shi ya fi wuya, na faɗa ma mutum ɗaya.

Mutumin nan abokina ne tun lakwal, shina aikin likita cikin gundumarmu. Bai yi mini dariya ba. Ya ce hukumar lafiya ta duniya, wadda ake ce ma OMS, cikin shekarar 2019 ta sa rashin iya tsare kai ga al'amarin sha'awa cikin littafinta na cututtuka, anka fara aiki da littafin cikin 2022. Alamun su ne mutum shi yi ta ƙoƙarin bari shi kasa, shi yi sakaci da lafiyarshi da iyalinshi da aikinshi, shi ci gaba ko ba ya jin daɗin abin, har wata 6 ko fiye. Duk na gan su gare ni. Munka yi alkawali kowace Juma'a bayan masallaci in gwada mashi kayen.

Wata na 2 na samu sanda 18. Wata na 3, sanda 24. Daga nan na yi kwana 47 jere babu sifiri. Sai girman kai ya shige ni, na ce na warke. Na ari salular wani ƙanena da dare, na faɗi. Da safe na so in kece kayen, na ce aikin duka ya tashi banza. Abokina ya ce: «Almajirinka in ya yi fashin rana ɗaya, kana goge sunanshi? Baƙaƙen da ya koya suna fita daga kanshi?» Na ce a'a. Ya ce: «To, sa sifirinka, ka rubuta dalili, gobe ka zo karatu.» Tun ran nan na bar ƙidayar kwanakin jere kaɗai. Ina ƙidaya sandunan wata duka, in gwada su da na watan da ya wuce.

Dattijon nan kuwa, na tafi har gidanshi na ba shi haƙuri. Na ce: «Baba, ƙarya na yi maka, laifina ne.» Bai tambaye ni dalili ba. Ya komo karatu. Yanzu shina rubuta sunanshi, shina karanta nauyin buhunshi bisa sikeli. Mai ɗakina ita ma na faɗa mata gaskiya. Ta yi fushi kwana da kwanaki, kuma tana da gaskiya. Daga baya ta ce gara da ta ji daga bakina.

Yau kaye na 3 nike ciki. Watanni da yawa suna wucewa babu sifiri, amma ban ce na gama ba, don sha'awar tana zuwa har yanzu, musamman da rani in aiki ya yi ƙaranci. Cikin Suratun Nur, aya ta 30, an umurci maza su tsare idanunsu. Na daɗe da sanin haka. Abin da na rasa shi ne dabarar cika umurnin kowace rana.

Ɗan uwa, in kana cikin wanga hali, kaye da alƙalami ba su da tsada. Ko ba ka iya rubutu ba, ka iya sanda da sifiri. Ka nemi mutum ɗaya mai riƙon asiri. In abin ya fi ƙarfinka, ka tafi likita. Ku kuma iyaye, ku duba abin da ake zuba ma yara cikin salula ranar kasuwa.

Allah shi rufa mana asiri, shi ba mu ikon tsare kanmu. Amin.

Wani malamin yaƙi da jahilci, jihar Maradi