Ku buɗe akwatin babanku

'Ya'yana na Doma, da yawanku kuna da kuɗin iyayenku a hannun hukuma, kuma ba wanda zai biyo ku gida da su.

A 2004 gwamnan Babban Banki, Soludo, ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25, sai bankuna suka bazama sayar da hannun jari, aka yi ta yi har 2008. Da idona na gani. Malamin makaranta, ma'aikacin ƙaramar hukuma, manomin da ya kaɗar da riɗinsa ko doyarsa, kowa ya hau mota zuwa Lafia ya cike fom. Da kasuwar ta faɗi a 2008 sai gwiwa ta yi sanyi, aka cusa takardun a ƙasan akwati. Alhali kamfanoni da dama ba su daina raba riba ba. Takardar ribar ce take maƙalewa a akwatin gidan waya da aka daina buɗewa, ko kuma sunan da ke jikinta ya saɓa da na banki. A 2023 hukumar kula da kasuwar hannun jari, SEC, ta ce ribar da masu ita ba su karɓa ba ta kai wajen naira biliyan 190.

Dokar kuɗi ta 2020 ta ce ribar da ta shekara 6 a ajiye a mayar da ita wani asusun amana a ƙarƙashin Ofishin Kula da Basussuka. Dokar ta ba gwamnati damar juya ta, amma bashi ne a wuyanta, mai shi ko magajinsa yana iya nema ko yaushe. Haka a 2024 Babban Banki ya ce kuɗin asusun ajiyar bankin da ya shekara 10 a kwance su koma wurinsa, su jira mai su.

To, ku zazzage akwatin. Takardar hannun jari tana nuna kamfanin, daga nan za ku gano rajistaran da ke riƙe da sunayen masu jarinsa. Idan mai takardar ya rasu, za a nemi shaidar rasuwa da takardar kula da dukiyar mamaci daga Babbar Kotu a Lafia. Akwai zirga-zirga, akwai jira, ba zan ɓoye muku ba. Duk da haka kada ku danƙa wa ɗan kan hanya takardunku ko lambar BVN don ya ce ya san wani a Abuja.

Abin da ya fi damuna shi ne rabo. Na ga gidan da babban ɗa ya karɓo kuɗin ya yi gum, uwar marayu tana can tana surfen haya. Wannan gado ne. Matar mamaci da 'ya'yansa mata suna da haƙƙi a ciki kamar yadda suke da shi a gona da gida.

Ku kuma tsarana, tun muna da ƙafa, mu je banki da katin NIN mu cike fom ɗin da zai sa riba ta riƙa shiga asusu kai tsaye. In an dawo gida a tara yara, a nuna musu inda takardun suke.